Majanyin da Aka Rina

A kasuwar Gummi, rana tsaka, wani Bafillace yana tsaye kusa da wani farin bijimi, yana shafa tozonsa yana yabo da zuciya ɗaya. Ya ce rabonsa da ganin sa mai kyan ƙira haka tun kafin ciwon bushiya ya shiga garkuna bara, ya tambayi mai riƙe da igiya inda aka yi kiwonsa. Mai igiya ya ce can wajen Anka. Bafillace ya gyaɗa kai, ya ce lalle mutanen Anka sun iya kiwo, ya gyara sandarsa a kafaɗa ya wuce. Alhali san nasa ne. A gabansa aka haife shi, shekara shida yana binsa daji, kuma shekaranjiya da hannunsa ya kore shi daga garke, yana ba mutane haƙuri wai san wani ne ya ɓata ya shigo cikin nasa.

Saminu marini yana gefe yana zaɓen goro, ya ji komai, ko a jikinsa. Shi ya tsoma tsohuwar igiyar san nan a ruwan baba kwana uku da suka wuce, kuma a shekara goma sha biyar da ya yi yana wannan aiki ya ga abin da ya fi haka. Ya ɓare goronsa ya koma bakin aiki.

Wurin aikin shi ne karofin Wali, bayan kasuwa. A shekarun nan atamfar kamfani ta cika gari, marina suna ta watsewa, rijiyoyin baba sun zama juji, amma karofin Wali na nan daram. Tun hantsi har la'asar kana jin mabuga suna dukan turkuɗi. Mutane suka ce albarkar gaskiya ce, don Wali bai taɓa ɓatar da zanen kowa ba, kuma wallahi ba su yi ƙarya ba: ko zare ka kai masa zai dawo maka da shi. Rijiya shida a fili suke, rini ake yi a cikinsu tsakani da Allah. Ta bakwai tana can ƙarƙashin wata rumfa da aka kewaye da zana, ba wanda ya san wanda ya haƙa ta, kuma ita ce ke ciyar da kowa.

Aikinta ɗaya ne. Duk abin da ke riƙe da dukiyar mutum, igiyar sa ce, akalar raƙumi ce, ƙyallen da aka ƙulle wani abu ne, in aka tsoma shi a ciki sau uku, mai dukiya ya daina saninta. Ba mantuwa ba ce irin wadda ake tunatarwa. Ko gari duka ya taru ya rantse masa, zai ce su yi haƙuri, shi dai bai san wannan abu ba. Daga nan sai a je da sallama a ɗauka, wani lokaci har mai shi ya taya ɗorawa.

Masu wannan sana'a sun kai mutum talatin, 'yan koli da dillalai da masu gyaran kwano, a warwatse daga Gummi zuwa Bukkuyum har Anka. Suna kiran kansu 'yan rana, kuma ba abin da suka raina kamar ɓarawon da ke haƙa katanga. Ba su riƙe wuƙa, ba su taɓa kayan masallaci, ba su shiga gidan dangin ɗan'uwansu. Saboda haka duk wanda zai shiga cikinsu sai ya tsaya gaban Wali ya faɗi garinsu da gidansu da sunan mahaifansa, kowa ya ji ya kiyaye. Ranar da Saminu ya tsaya, sai ya ce shi maraya ne, ba shi da kowa. Yana da uwa a Zugu, tana nan da ranta, amma ya ga sunanta ya fi ƙarfin ya shiga bakin ɓarayi. A ganinsa wayo ya yi, har yakan yaba wa kansa.

A ƙarshen daminar shekarar, Dabo ɗan koli ya shigo karofi da ƙunshi a ƙasan kayansa. Mundaye ne na azurfa, irin na da masu nauyi, an naɗe su cikin wani tsohon ƙyalle. Ya zube mundayen gaban Wali, ya jefa wa Saminu ƙyallen, ya ce ya hanzarta kafin tsohuwar da ya ɗauke wa su ta buɗe tukunyarta. Saminu ya murza ƙyallen tsakanin yatsu, ya dube shi irin duban marini: saƙar hannu ce, zaren ya tsufa amma bai ruɓe ba, zai sha baba da kyau. Bai ko warware shi ba. Ya ɗora a kan sanda ya tsoma sau uku, ya rataye a inuwa, ya je ya yi azahar.

Bayan kwana biyu Dabo ya dawo fuskarsa ba daɗi. Ya ce ya bi ta garin don ya tabbatar, kamar yadda aka saba, sai ya tarar tsohuwa ta tara unguwa tana kukan mundayenta. Ta san kowane da zanensa, ta san wanda ya lanƙwashe, har ta fara cewa wani ɗan koli ya sha ruwa a gidanta. Tun da ake tsomi ba a taɓa jin mai kaya ya yi cigiya ba.

Wali ya sa aka sauko da ƙyallen, ya shimfiɗa shi a kan gungumen bugu. Tsoho ne mai tsabta, carbi ba ya barin hannunsa, kuma ba a taɓa ganin ya yi gaggawa ba. Ya bi gefen ƙyallen da yatsa har ya kai ga geza a baki biyu, ya taɓa tsakiyar inda saƙar ta buɗe saboda nauyin da ta daɗe tana ɗauka, sai ya yi 'yar dariya.

"Majanyi ne," in ji shi. "Rijiya ba ruwanta da azurfa, abin da ƙyalle ya fara riƙewa shi take yankewa. Wannan kafin ya ɗaure mundaye, goyo ya ɗaure."

Ya ce ke nan wani ɗa can ya kwana biyu ba uwa bai sani ba, Allah ya ba shi haƙuri, wannan ba matsalar karofi ba ce. Matsalar karofi ita ce cigiya. Ya yi wa Dabo faɗa sosai, ya ce wanda bai iya bambanta majanyi da tsumma ba ya koma tallan allura da gaske, sannan ya tambaye shi wane gari ne, wane gida, don kowa ya kauce masa har shekara. Dabo ya ce Zugu ne, gidan da ke gindin tsamiyar da aradu ta tsaga, wata mai daddawa ana ce mata Inna Dija.

Saminu yana tsugune yana wanke sandar tsomi. Ya ci gaba da wankewa har ya gama, ya jingine ta inda take zama, don jikinsa bai riga ya karɓi abin da kunnensa ya ji ba. Sai da kowa ya watse ya matso gaban Wali ya durƙusa, ya ce uwarsa ce, kuma shi ne ɗanta na fari.

Abin da ya ɓata wa Wali rai ƙaryar ce, ba uwar ba. Ya ce shekara goma sha biyar suna cin tuwo da mutumin da ya ɗauke su ƙazanta, to ga abin da tsabtarsa ta jawo masa. Da ya huce, ya ce magani akwai, sai dai ba a taɓa gwada shi ba: mai abu ya wanke abin da aka tsoma da hannunsa a ruwa mai gudu kafin kwana bakwai su cika, komai ya dawo. Amma wa zai yarda ya wanke tsumman da bai sani ba? Kuma abin da aka tsoma ba ya fita daga karofi, wanda ya fita da shi ya fita ke nan, ba dawowa. Mundaye kuwa an riga an kai wa maƙeri.

"Da ni ne kai da na bar shi," in ji Wali. "Mutum irinmu ba abin da ya fi masa sauƙi kamar uwar da ba ta san shi ba."

Saminu ya naɗe majanyin ya sa a jaka. Washegari da hantsi ya hau a-kori-kura mai zuwa Bukkuyum, aka cusa shi tsakanin buhunan gishiri da wata akuya.

A hanya maganar Wali ta yi ta cinsa, don akwai gaskiya a cikinta. Me ma ya rasa? Shi ɗan fari ne, kuma Inna Dija tana cikin matan da ke riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi. Tun da ya yi wayo ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai “wancan”. Ba ta taɓa dubansa ido cikin ido ba. In ya shigo ta ƙofa, ita ta juya wajen murhu. In tana da magana da shi, sai ta gaya wa ƙanwarsa Safiya ko da yana zaune a gabanta, in ba kowa ta gaya wa bango. Ranar da aka yi masa kaciya ma maƙwabta suka yi jinyarsa. Ya san al'ada ce, kowa ya yaba mata a kai, amma yaro ba ya cin yabon da ake yi wa uwarsa, kuma haushin nan na cikin abin da ya fitar da shi daga Zugu. A tashar Bukkuyum har ya tambayi motar komawa. Sai ya sa hannu a jaka ya taɓa ƙyallen. Shekara talatin da takwas tana ajiye da shi a ƙasan tukunya, tare da abin da ya fi komai daraja a ɗakinta, shi kuwa bai taɓa sani ba. Ya ari keke wurin wani mai faci da ya sani ya kama hanyar Zugu.

Safiya ya fara gani, tana tankaɗe a zaure. Tun rasuwar mijinta take zaune da uwar. Ta tashi ta tare shi idonta jawur, ta ce Yaya, Inna ta samu taɓuwa. Shekaranjiya ta ambace shi a hira, Inna ta ce wane ne haka. Ta ce ita ba ta taɓa haihuwar namiji ba, 'ya'yanta mata ne, kuma ba da wasa take faɗa ba. An kawo malami ya yi rubutu ta sha, ta ce rubutun da daɗi amma ita lafiyarta lau. Saminu ya ce kada ta ce komai, ta ce baƙo ne daga Gummi.

Inna Dija tana gindin tsamiya tana kaɗi, ƙwaryar daddawa a gefenta. Ya yi sallama. Ta ɗago kai ta dube shi, duba sosai, tun daga hula har takalmi, ta tsaya a fuskarsa ba ta kawar da ido ba. Bai taɓa sanin akwai ɗan tabo a gefen idonta na hagu ba sai ran nan. Ta sa Safiya ta shimfiɗa masa tabarmar baƙi, ta kawo fura, ta ce hannun nan nasa ya riga ya faɗi sana'arsa, saura suna.

"Mi sunanka, ɗan nan?"

Ya faɗa mata.

"Saminu," ta ce, tana jujjuya shi a baki. "Suna mai daɗi. Sha fura, Saminu."

Ya ɗauki ludayi ya sha. Daɗi ya ji, ba zai ɓoye ba, daɗin da bai taɓa jin irinsa ba, kuma a cikin daɗin ya tabbata rijiya ta yi aikinta sarai.

Ashe mace ce mai hira. Bai sani ba, ina zai sani? Ta ba shi labarin yadda aka kawo ta Zugu a kan jaki tana kuka, da shekarar da fara ta cinye gero, da yadda marigayi mijinta ke tsoron kaza mai 'ya'ya. Tana kwaikwayon muryar mutane, tana dariya har da tafa cinya. Ta zagi ɗan kolin da ya sha ruwanta ya tafi da mundayenta, ta ce Allah ya isa, amma ba ta daɗe a kai ba. Ta tsokane shi wai gemu ya fara furfura ba mata, ko 'yan matan Gummi tsoron baƙin hannu suke yi. Kowace magana sai ta haɗa da sunansa, Saminu kaza, Saminu kaza, kamar wadda ta samu sabon kwano. Da hira ta kai kan 'ya'ya, ta ce Allah bai ba ta namiji ba, kuma ba ta jin ta rasa komai. Ta faɗe shi da sakin fuska, Safiya ta tashi ta shige gida.

Inuwar tsamiya ta juya gabas suna nan. Saminu ya lissafa a ransa cewa zai iya barin abin haka. Ya riƙa zuwa duk wata a matsayin marinin Gummi mai kirki, ya kawo goro da gishiri, ta dube shi, ta kira shi, su yi dariya. Wa ya cuta? Kuma da yake baƙo yana iya faɗin abin da ɗa ba zai iya ba, sai ya ji bakinsa ya buɗe. Ya ce mata rini ba shi kaɗai ne abincinsa ba. Ya ce shekara goma sha biyar yana cikin masu raba mutane da abinsu, kuma mutanen da suka shiga ɗakinta ba baƙinsa ba ne.

Ta tsayar da mazari. Ta jawo ƙwaryar daddawa kusa da ƙafarta, abin da ya kusa ba shi dariya. Ta daɗe tana dubansa, ba tsoro a fuskarta, sai irin tausayin da ake ji wa ɗan wani.

"Uwarka na da rai?"

"Tana nan."

"Ta sani?"

"Ba ta sani ba."

"To ka bari ta mutu ba ta sani ba, Saminu. In za ka daina ka daina, wannan tsakaninka da Allah. Amma kada ka kai mata. Ni da ba ni na haife ka ba ma ga shi ya tsaya mini a ƙirji."

Sai a lokacin ya ga abin da ya yi wa kansa. In ta wanke majanyin, ba haihuwarsa kaɗai za ta tuna ba, har da hirar nan, kalma kalma. Da ya yi shiru da ya samu uwa da asirinsa a rufe. Yanzu kuwa ko ya zauna baƙon da ake so, ko ya koma ɗan da aka san ko wane ne. Tsoro ya kama shi sosai. Ya duba keken da ya jingine, ya duba hanya, ya ji ladan ya fara gyaran murya don la'asar.

Ya buɗe jaka ya fito da ƙyallen. Ta karɓa ta warware, ta yi tsaki, ta ce wane marar hankali ne ya rina majanyi baƙi ƙirin haka, ai sai ya ɓata jikin jariri. Ya ce shi ne. Ya ce na uwarsa ne, shi ya ɓata shi, kuma an ce ba zai fita ba sai dattijuwa ta wanke shi a gulbi. Ya roƙe ta don Allah.

Ta ce ikon Allah, ɓarawo da aike. Amma ta ce tun da na uwa ne za ta yi, ba don shi ba, dama tana da 'yan tsummokin da za ta ɗauraye. Ta yi salla, ta ɗora ƙwarya a ka, ta ɗauki sabulun salo. Har ta yi nisa ta waiwayo ta ɗaga murya.

"Saminu, ka kore mini awaki daga daddawar nan."

Ya zauna yana korar awaki. Ya kai sa'a guda a haka, kuma sau biyu yana miƙewa kamar zai bi ta ya karɓe, yana komawa ya zauna.

Rana ta yi sanyi ya hango ta tana hawowa daga gulbi, tana tafe a hankali, ba irin tafiyar da ta tafi da ita ba. Hannuwanta sun yi shuɗi har wuyan hannu. Da ta kawo daidai rumbun maƙwabta ta hango shi, sai ta tsaya cik. Ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta, ta bar hanya, ta zagaya ta bayan tsamiya tana duban katanga, ta shige zaure. Ko daddawarta ba ta ɗauka ba.

Ko kunyar ɗan fari ce, ko fushi ne, Saminu bai iya rarrabewa ba, don a wurinta duka biyun bayanta kawai yake gani. Ya zauna yana jiran a aiko a ce ya bar garin. Ya ji an zuba ruwa a randa, ya ji an hura wuta. Can sai muryar ta fito daga tsakar gida, a dakushe, da ƙarfin da zai kai ƙofa.

"Safiya, ki gaya wa wancan ya tashi daga kan tabarmar baƙi, mutane na kallo. Ya shigo mini da ƙwaryata."

Ya tashi ya naɗe tabarmar, ya ɗauki ƙwarya ya shiga. Tana bakin murhu ta ba shi baya, majanyin yana kan igiya yana ɗiga. Ya ajiye ƙwaryar kusa da ita, ta matsar da ita da ƙafa ba ta juyo ba.

Bai koma Gummi ba. Ya karɓi gonar ubansa daga hannun masu aro, shuɗin baban da ke hannunsa ya yi wata huɗu kafin ya fita. Inna Dija ta yi shekara tara bayan wannan. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko ta bakin Safiya, ba ta kuma ƙara kiran sunansa ba.